Ja da Baya ga Rago Ba Tsoro Ba Ne: Abin da Na Koya a Teburin Mararaba

Gabatarwa

Duk lokacin da aka buɗe hirar wasanni a tsakaninmu ɗalibai, ƙwallon ƙafa ce kan cinye zaman tun daga farko har ƙarshe. In kuwa wani ya yi ƙarfin hali ya kawo maganar ƙwallon tebur, sai ka ji an ce ai wannan wasan yara ne, na bayan shago, wanda ba ya buƙatar komai illa saurin hannu. Ni ma da haka na ɗauke shi, har sai ranar da wani dattijo mai ciwon gwiwa ya kunyata ni a gaban abokaina ba tare da ya yi gumi ba.

A cikin wannan ɗan rubutu ina so in ba mai karatu labarin wani salo na buga ƙwallon tebur, wato salon kariya, wanda mai yin sa ke ja da baya daga tebur yana mayar da duk abin da aka jefo masa har abokin karawarsa ya yi kuskure da kansa. Zan faɗi yadda na raina salon, da yadda na koye shi, da kuma yadda na ɗauki rabinsa na bar rabi, har abin ya ja mini asarar da har yanzu take yi mini zafi. Tun da yake mu ɗaliban harshe ne, zan yi amfani da sunayen da muke kiran bugun da su a bakin tebur, domin a ga cewa Hausa ba ta gaza ba a wannan fage.

Teburin Bayan Shago

A Mararaba na tashi. Duk wanda ya san garin ya san cewa a bakin iyakar Abuja yake, a kan titin da ya tashi daga Nyanya ya nufi Masaka da Keffi. A takarda yana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma cikinsa da aljihunsa duk a Abuja suke, domin da asuba jama'a ke kwarara cikin birni neman abinci, su dawo da dare bayan sun sha cunkoson motoci. Sunan ma ya dace da shi, domin mararraba ce ta gaskiya: Bahaushe da Gbagyi da Ibo da Bayarabe da Tibi da Eggon duk a layi ɗaya. Iyayena sun koma can ne sakamakon rusau ɗin da aka yi a unguwannin Abuja tsakanin 2003 da 2007, kamar dubban iyalai irinmu.

A bayan wani shagon gyaran rediyo da talabijin da ke layinmu akwai teburin tenis guda ɗaya. Kafinta ne ya haɗa shi da falanki, aka shafa masa koren fenti, ƙafarsa ɗaya kuma sai an tokare ta da ɓallin bulo. Ragar ta sha ɗinki har ba a gane asalin launinta. Ƙwallon kuwa ƙwai muke kiran ta, kamar yadda ake kiran ta a ko'ina cikin Nijeriya, kuma in ƙwan ya loɓa sai mu jefa shi cikin ruwan zafin mai shayi ya kumburo. Doka ɗaya ce a wurin: wanda ya ci ya tsaya, wanda aka cinye ya biya kuɗin tebur ya koma layi.

A shekarar 2016 ina aji huɗu na sakandare, kuma a wannan teburi ba ni da na biyu a tsakanin sa'o'ina. Duka kawai na iya. Da zarar ƙwai ya ɗan taso sama, sai in ƙwala shi da iyakar ƙarfina, yara su sa ihu. A shekarar ce kuma Aruna Quadri, ɗan garin Oyo, ya kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Rio, abin da babu ɗan Afirka da ya taɓa yi kafin shi, bayan ya fitar da Timo Boll na Jamus, kafin Ma Long na ƙasar Sin ya tsayar da shi. Aruna kuwa an san shi da dukan hannun dama mai kama da tsawa. Saboda haka kowane yaro a layinmu ya zama Aruna, ni kuma na ɗauki kaina babban wakilinsa a Mararaba.

Ranar da Na Ji Hoho

Mai shagon rediyon dattijo ne da kowa ke kira Baba. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna, wanda durƙushewar masaƙun ta koro shi zuwa Mararaba da akwatin kayan gyaransa. Shi ke karɓar kuɗin tebur, kuma ban taɓa ganin ya riƙe bat ba. Wata ranar Asabar da la'asar, bayan na cinye mutum shida a jere, sai giyar nasara ta ɗebe ni, na ɗaga murya na ce duk layin nan babu namijin da zai iya tare dukana.

Baba ya ajiye abin da yake gyarawa, ya leƙo, ya ce, “Yaro, ko za ka ɗan gwada da tsoho?”

Na ce, “Haba Baba, kada in karya ka a ce na yi rashin kunya.”

Ya yi murmushi, ya shiga ciki ya fito da wani tsohon bat a naɗe cikin leda. Gefe ɗaya roba ce mai santsi, ɗaya gefen kuwa roba ce mai ƙuraje. Muka yi sharaɗi cewa wanda aka cinye zai biya kuɗin tebur na duk waɗanda ke layi a ranar. Kuɗin da ke aljihuna kuwa na cefanen da Inna ta aike ni ne.

Na yi sabis, ya turo, ƙwai ya ɗan taso, na ƙwala. Kafin in ɗago kai sai na ga Baba ya riga ya ja da baya taku biyu, ya sauke hannunsa daga kusa da kunne zuwa gwiwa kamar mai sarar itace. Ƙwan ya taho a hankali, ƙasa-ƙasa, har sai da na ji kamar in yi dariya. Na sake duka, sai ga shi cikin raga. Na ce kuskure ne. Na biyu ma raga. A na uku na ce bari in ɗaga hannu sosai, sai ƙwan ya wuce tebur ya faɗa kwata. Haka muka yi ta yi: in na danne, raga, in na ɗaga, waje. Zagayen farko ya tashi 11 da 4, na biyu 11 da 3.

Da zafin ya ishe ni sai na ce, “Ai wannan wasan matsorata ne, Baba. In ka isa ka tsaya kusa da tebur mana!” Wurin ya yi tsit, domin kowa ya san na wuce gona da iri. Baba bai ce komai ba. A zagaye na uku, da na gaji na turo masa wani ƙwai mai laushi, sai kawai na ga ya tako gaba ya ɗauke shi da wani duka wanda ban ma ga wucewarsa ba. Sau ɗaya tak ya yi haka a duk wasan. Ya naɗe bat ɗinsa a leda ya koma kan aikinsa.

Na biya kuɗin, na koma gida babu cefane, na sha faɗan da ban taɓa sha ba. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Bayan kwana uku Inna da kanta ta tasa ni gaba zuwa shagon, ta ce in durƙusa in ba shi haƙuri a kan kalmar da na faɗa, domin labari ya riga ya kai mata. Baba ya mayar mata da kuɗin cefanenta, sannan ya dube ni ya ce, “In kana so ka san abin da ya cinye ka, ka riƙa zuwa bayan sallar asuba, kafin iska ta taso.”

Karatun Sara

Abu na farko da Baba ya fahimtar da ni shi ne cewa ƙwallon tebur wasan juyi ne kafin ya zama wasan ƙarfi. Ƙwan bai wuce giram 2.7 ba, saboda haka duk yadda roba ta goge shi haka zai riƙa juyawa a iska. Mai kai hari yakan goge shi daga ƙasa zuwa sama, ya ba shi juyin gaba, wanda ke sa ya lanƙwaso ya faɗa kan tebur ya zabura. Mai kariya kuwa yakan goge shi daga sama zuwa ƙasa, ya ba shi juyin baya. Wannan bugu shi muke kira sara. Ƙwan da aka sara, da zarar ya taɓa robar abokin karawa, ƙasa yake nufa. Dalilin da ya sa dukana ke ƙarewa cikin raga ke nan.

To, amma me ya sa wasu ke wuce tebur? A nan ne asirin yake. Baba yakan yi motsin sara iri ɗaya sak, amma wani lokaci ya goge ƙwan sosai da wuyan hannu, wani lokaci kuma ya tura shi kawai ba tare da juyi ba. Na farko shi yake kira mai nauyi, na biyu kuma holoƙo. Mai hari da ya sha wahalar ɗaga mai nauyi, in aka ba shi holoƙo ya ɗaga da ƙarfi iri ɗaya, sai ƙwan ya tashi sama ya bar tebur. Ashe makamin mai sara shi ne bambancin da ido ba ya gani. In saranka kullum iri ɗaya ne, komai nauyinsa, cikin minti biyar za a gane ma'auninsa a fara yi maka ruwan duka.

Robar nan mai ƙuraje kuwa aikinta daban ne. Dogayen ƙurajen sukan lanƙwashe idan ƙwai ya bugo su, ba sa riƙe shi yadda roba mai santsi ke yi. Saboda haka juyin gaban da mai hari ya aiko da shi, shi ne ke koma masa a matsayin juyin baya. Wato gwargwadon ƙarfin da ka sa, gwargwadon nauyin da zai dawo maka. Ƙwararru sukan riƙa juya bat a hannu a tsakiyar wasa, su sara da wannan gefe yanzu, an jima da wancan. Wannan ruɗu ne ya sa a shekarun 1980 Hukumar Ƙwallon Tebur ta Duniya ta wajabta cewa gefuna biyu na bat su kasance masu launi daban-daban, domin abokin karawa ya ga da wace roba aka bugo masa.

Ban da sara, Baba ya nuna mini wasu hanyoyi uku na kariya. Akwai turi, wato ɗan gajeren sara a kan tebur, wanda ake yi domin hana mai hari samun ƙwan da zai fara duka da shi. Akwai tare, inda mutum ke tsayawa daf da tebur ya kafa bat a gaban ƙwai da zarar ya taso, ya bar ƙarfin mai duka ya mayar da shi, yana sauya masa kusurwa hagu da dama. Sai kuma cilli, wanda ake yi idan an kore ka nesa: ka cilla ƙwan sama sosai da juyin gaba, ya sauko can ƙarshen teburin abokin karawa, ya yi ta duka har ya gaji. Wanda ke son ganin cilli na gaske ya nemi wasan Segun Toriola da Gao Ning na Singafo a gasar ƙasashe renon Ingila ta Glasgow a 2014, inda aka yi bugu 41 a kan maki ɗaya, Toriola yana can nesa da tebur yana mayarwa, kuma shi ya ci makin.

Dokokin da Baba ya yi ta nanata mini guda uku ne. Na ɗaya, ƙwai ya wuce ƙasa-ƙasa a kan raga. Na biyu, ya sauka kusa da farin layin ƙarshe, domin gajeren sara mai tsayi sadaka ce ga mai duka. Na uku, ƙafa kafin hannu. Mai hari mai wayo ba ya yin duka kullum. Yakan kore ka baya da duka biyu, sannan ya ajiye maka ɗan gajere a bakin raga, ka rugo, ya sake kora ka. Haka kuma yakan nufi gwiwar hannunka, inda za ka rasa ko da dama za ka sara ko da hagu. Wanda ƙafarsa ba ta iya shiga da fita ba, ba zai yi sara ba.

A nan ne kuma Mararaba ta nuna mana iyakarta. A manyan gasanni, filin tebur ɗaya ba ya gaza mita 14 a tsawo da mita 7 a faɗi, ga rufin da ke tare iska. Mu kuwa taku uku ne tsakanin tebur da kwata, kuma da hunturu ya shigo iska ke yanke hukuncin inda cilli zai sauka. Ina jin wannan na cikin dalilan da suka sa da wuya ka ga mai sara a teburan titi: wurin da babu fili, duka da tare ne kawai ke rayuwa.

Daga Mulki Zuwa Ƙaranci

Da na fara bincike da kaina, sai na tarar cewa salon da na kira na matsorata shi ne ya taɓa mulkin duniya. A gasar duniya ta 1936 a birnin Prague, Alojzy Ehrlich na Polan da Farkas Paneth na Romaniya sun shafe fiye da awa biyu suna tura wa juna ƙwai a kan maki ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure. A 1937 kuma aka soke wasan ƙarshe na mata tsakanin Ruth Aarons ta Amurka da Gertrude Pritzi ta Ostiriya saboda ya wuce lokacin da aka ƙayyade. Sai a 2001 aka ayyana su duka biyu a matsayin zakaru. A wannan zamani ne aka rage tsayin raga zuwa santimita 15.25 da muka sani yau, domin a sauƙaƙa wa masu kai hari. Duk da haka Angelica Rozeanu ta Romaniya, wadda gwanar sara ce, ta ci kambin duniya sau shida a jere daga 1950 zuwa 1955.

Abin da ya fara karya wannan mulki shi ne soso. A 1952, a birnin Bombai na Indiya, Hiroji Satoh na Japan ya zo da bat mai soso ya cinye gasar duniya. Daga nan roba ta yi ta ƙara gudu da juyi, hari ya yi ta ƙara ƙarfi. A shekarar 2000 aka ƙara girman ƙwai daga milimita 38 zuwa 40, a 2001 aka rage zagaye daga maki 21 zuwa 11, a 2014 kuma aka koma ƙwan roba. Babban ƙwai ba ya ɗaukar juyi kamar ƙarami, gajeren zagaye kuma ba ya ba mai haƙuri isasshen lokacin gajiyar da abokin karawarsa.

Duk da haka masu sara ba su ƙare ba, sai dai sun sauya hali. A wasan ƙarshe na ƙungiyoyi a gasar duniya ta 1995 a Tianjin, ƙasar Sin ta fito da Ding Song, mai sara da ke juyawa ya kai hari ba zato, ya cinye Peter Karlsson na Suwidin, Sin ta karɓe kofin. A 2003 a birnin Faris, Joo Sae-hyuk na Koriya ta Kudu ya kai wasan ƙarshe na maza, inda Werner Schlager na Ostiriya ya cinye shi 4 da 2. A ɓangaren mata, Kim Song-i ta Koriya ta Arewa ta ci tagulla a Rio a 2016 da sara. Duk wanda ya kalli waɗannan zai ga abu ɗaya: saransu shimfiɗa ce, da zarar ƙwai mai laushi ya zo sai su rufe shi da duka. Na karanta wannan duka, na kuma gani da idona, amma ban ɗauki darasin ba.

Rabin Karatu

Gaskiyar magana, sara ya yi mini daɗi fiye da kima. Na gano cewa a teburan unguwa, in dai za ka iya mayar da ƙwai sau biyar, to kashi mafi yawa na abokan karawarka za su kashe kansu da kansu. Sai na daina duka gaba ɗaya. Yaron da a da ba ya iya jira, ya koma ba ya iya komai sai jira. Baba ya sha ce mini, “Ɗana, ɗan dambe hannu biyu gare shi, ɗaya na kariya, ɗaya naɗe da kara. Kai ka kwance naka karan ka jefar.” Nakan ce, “Baba, ai ina ci.” Shi kuma ya ce, “Kana cin marasa haƙuri. Ranar da ka gamu da mai haƙuri irinka fa?”

Ranar ta zo bara, a gasar da aka shirya tsakanin tsangayoyin jami'armu. Ni na wakilci tsangayarmu, kuma na kai wasan kusa da na ƙarshe ba tare da wahala ba. 'Yan sashenmu sun cika zauren, har da waɗanda ba su taɓa kallon wasan ba. Abokin karawata wani siririn ɗalibi ne daga ɓangaren kimiyya, mai sanyin hali. Na sara masa, maimakon ya yi duka sai ya turo. Na tura, ya turo. Ya ƙi cin ƙugiyar sam. Muka yi ta turi kamar masu jiran mota a Nyanya da yamma, har 'yan kallo suka fara hamma.

Muna 5 da 5 sai alƙalin wasa ya ɗaga hannu ya ce minti goma sun cika, za a shiga dokar gaggautawa. Na san da dokar a takarda, amma ban taɓa tsammanin za ta hau kaina ba. Ga yadda take: idan zagaye ya kai minti goma ba a gama ba, kuma jimillar makin bai kai 18 ba, to daga nan kowa sabis ɗaya zai riƙa yi, kuma idan mai karɓa ya mayar da ƙwai sau 13 lafiya, makin nasa ne. Dokar kuma ba ta ɗagawa har ƙarshen wasan. Ma'ana, duk mai sabis dole ya kai hari ya gama magana kafin a ƙirga goma sha uku. Jikokin Ehrlich da Paneth aka yi wa wannan doka, ni kuwa ashe ina cikinsu.

Idan sabis nasa ne, sai ya yi turi uku ko huɗu, ya zaɓi wanda ya ɗan taso, ya ɗauke shi da hannun dama. Wasu na mayar, wasu suka wuce. Idan sabis nawa ne kuwa, sai in ji mai ƙirga yana cewa tara, goma, sha ɗaya, zuciyata na bugawa, in kai wani duka na dole da hannun da ya shekara bakwai bai yi duka ba. Raga, waje, raga. Abin da Baba ya yi mini a 2016, shi na yi wa kaina a gaban jama'ar sashenmu. Aka cinye ni 3 da nema. Da muka gaisa, abokin karawar tawa ya ce mini a hankali, “Saranka ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma tun wasanka na farko na lura ba ka duka.”

Komawa Mararaba

Da aka yi hutu na sauka a Mararaba, ban ko ajiye jaka ba na nufi bayan shago. Babu tebur. An kafa rumfar masu cirar kuɗi da na'ura a wurin, gefe kuma mai sayar da kayan waya. Falankin teburin na hango shi an jingine a bango, rana da ruwan sama sun ɓanɓare fentin. Baba yana nan cikin shagonsa, amma gwiwa ta matsa masa, sai da sanda yake tashi. Ya ce mai filin ne ya ba da haya, yaran layin kuma yanzu wasansu a cikin waya yake.

Na ba shi labarin abin da ya faru tun daga farko har ƙarshe, ina jiran ya ce ai na gaya maka. Bai faɗa ba. Tambayata ya yi, “Ranar da na buga da kai, duka nawa na yi?”

Na ce, “Ɗaya, Baba.”

Ya ce, “To wannan ɗayan shi ne wasan. Sauran duk hanya ce ta zuwa wurinsa. Rago in ya ja da baya, ai dawowa zai yi da karo. Wanda ya ja da baya bai dawo ba, sunansa gudu.”

Sannan ya jawo ledar nan daga ƙarƙashin teburin aikinsa ya miƙo mini. Robar ta bushe, ƙurajen sun fara zubewa, ba za ta ƙara bugun gasa ba. Na ce ba zan iya karɓa ba, ya ce in ban karɓa ba ɓeraye ne za su gāje ta. Na karɓa da hannu biyu.

Kammalawa

A taƙaice, na yi kuskure sau biyu a kan abu ɗaya. Da farko na ɗauki haƙuri a matsayin tsoro, na zagi dattijo a kansa. Daga baya kuma na mayar da haƙuri mafakar tsoro, domin in na faɗi gaskiya, abin da ya hana ni duka duk shekarun nan shi ne gudun kada in yi kuskure a gan ni. Mai sara na ƙwarai yana jira ne saboda ya san abin da yake jira, kuma in ya zo ba ya barin sa ya wuce.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗaliban wannan sashe da mu riƙa leƙa teburan da ke ɗakunan kwananmu da unguwanninmu da kunnen masu nazarin harshe. Sara da turi da tare da cilli da holoƙo kalmomi ne da na tsinta a bakin mutum ɗaya a layi ɗaya. Na tabbata a Fagge ko Tudun Wada ko Sabon Gari akwai wasu, kuma in teburan suka ci gaba da ɓacewa, da kalmomin za su tafi. Ni dai a yanzu kullum bayan sallar asuba ina zauren wasanni, kuma wanda ke jefo mini ƙwai ina koyon dukan hannun dama shi ne ɗalibin nan da ya cinye ni, ni kuma ina koya masa holoƙo. Bat ɗin Baba yana rataye a jikin gadona. Allah ya ba shi lafiya, ya kuma kai mu gasar bana.